Shirwa na kwashe 'yan tsaki, kashin kaji ya ƙone min alayyafo: daga ina zan fara gyara?

Mai Akurki ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da fili a bayan gida, tsawonsa kamar mita 20, faɗinsa 15. An zagaye shi da katanga, amma gindinta duk ramuka ne. A ciki akwai kaji 12 da zakara ɗaya, da komaye huɗu na kayan lambu. Abu uku ne suka dame ni.

Na farko 'yan tsaki. Kaza za ta ƙyanƙyashe goma, kafin wata ya zagayo saura uku. Wasu da rana suke ɓacewa, ko gashinsu ba a gani. Wasu kuma da safe ake tarar da su a cikin akurki an cinye kai. Ƙwai ma yana ɓata, ba ɓawo ba komai. Na biyu, na kwashe kashin kaji na zuba a komin alayyafo, cikin 'yan kwanaki bakin ganyen ya ƙone, ƙananan suka mutu. Na uku, ina so in ƙara dabba saboda taki da nama, na rasa wanne zan ɗauka tsakanin awaki biyu da zomaye.

Burina in rage sayen takin zamani da maganin feshi. An ce min in sa guba a bakin ramukan in huta, amma ina tsoron kajin. Masu sani ku taimaka, Allah ya saka da alheri.

Malam Mai Kaji:

Wa alaikumus salam. Malama, ɓarayin nan naki sun kai uku ko fiye, kuma kowanne yana barin alamarsa. Ɗan tsakon da ya ɓace da rana tsaka ba jini ba gashi, daga sama aka sure shi: shirwa ce ko shaho, wani lokaci hankaka. In kika ga gashi a tsige a tare wuri guda, a gindin bishiya ko kan katanga, shaho ne, don shi sai ya fige kafin ya ci. Wanda aka tarar da safe an cinye kai da wuya, aikin masu shiga akurki ne ta rami: manyan ɓeraye, gafiya, tunku ko muzuru. Kare daban yake, shi kashewa yake da yawa ya watsar, bai cika ci ba. Ƙwan da ya ɓace ba ɓawo, maciji ne ko guza, su haɗiyewa suke ɗungurungum. In kuwa kin tarar da ɓawo a fashe da kwanduwa a shimfiɗa, ki zargi kajin kansu.

Kafin ki kashe ko sisi, ki san da wa kike faɗa. Da magariba bayan kin rufe kaji, ki barbaɗa toka mai laushi ko rairayi a kewayen akurki, faɗin taku ɗaya, ki baje shi sumul. Da asuba ki je ki duba sawu. Ɓera yana barin ƙananan yatsu da layin jelarsa a tsakiya, maciji yana barin jan ciki, muzuru kuma sawunsa zagaye ne ba alamar farce. Sawun zai kai ki har bakin ƙofar da suke shiga.

Sai gyaran akurki. Siririyar wayar nan mai manyan idanu da ake sayarwa da sunan wayar kaji, aikinta ta hana kaza fita ne kawai. Ɓera da maciji ta idonta suke wucewa, kare kuma yaga ta yake. Ki nemi raga ta ƙarfe wadda aka yi wa walda, mai ido murabba'i na milimita 13, wato rabin inci. Ita za ki sa a tagogi da duk wata kafa. Ramin da babban yatsanki ya shiga, matashin ɓera zai shiga. Ƙananan ɓerayen gida ma ramin milimita 6 ya ishe su, kaurin fensir ke nan. Wurin da aka fi mantawa shi ne tsakanin saman bango da kwanon rufi, da ƙasan ƙofa inda katako ya lanƙwashe. Ki sa sakata biyu, sama da ƙasa.

Game da masu tono, ba sai kin haƙa rami mai zurfi ba. Ki ɗaure ragar a gindin bango, ki lanƙwasa ta ta kwanta a ƙasa ta waje, faɗin santimita 50, ki danne da duwatsu ki rufe da ƙasa kamar santimita 5. Dabbar da ta zo tono daga jikin bango take farawa, ta ci karo da ƙarfe, ba ta da dabarar ja da baya ta sake farawa daga nesa.

'Yan tsaki kuwa, yawo da uwa a fili tun ranar farko shi ne yake cinye su. Ki haɗa ɗan keji mara ƙasa, tsawo mita ɗaya da rabi, faɗi mita ɗaya, bisa santimita 60, raga ta ko'ina, rabin samansa a rufe da kwano saboda rana da ruwa. Uwa da 'ya'yanta su zauna a ciki mako 4 zuwa 6, kina matsar da shi sabon wuri duk kwana ɗaya ko biyu, da dare kuma a shigar da su akurki. Ruwansu a faranti mara zurfi, ki zuba tsakuwa a ciki don kada su faɗa su jiƙe, jiƙaƙƙen tsako sanyi ke kashe shi. Abincinsu na makonnin farko yana bukatar furotin, sinadarin gina jiki, kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari, tsabar hatsi kaɗai kusan rabin abin da ake nema take bayarwa, shi ya sa ake ganinsu a tsumbure. Bayan kin sake su, ki tanadar musu mafaka a tsakar filin: guntun kwano a kan bulo, bisa santimita 40, a wuri biyu ko uku. Zakara yana yin kukan gargaɗi in ya hango shirwa, amma gargaɗin ba ya amfani in wurin ɓuya yana da nisa.

Abu ɗaya da ya kamata ki duba: ba duk mushen da aka ci kansa ne ɓera ya kashe ba. Sau da yawa cuta ce ta kashe, ɓera ya zo ya ci gawa. In kina ganin tsaki sun saki fikafikai, suna haki, kashinsu kore-kore, wani wuyansa ya murɗe, to cutar Niyukasul ce, kuma ba ta da magani sai rigakafi. Akwai nau'in rigakafin da ake kira I-2, wanda aka samar a Ostireliya, ya fi sauran jure zafi, ɗigo ɗaya ake sawa a ido duk wata huɗu, babba da yaro. In kashi da jini ne a tsaki masu mako 3 zuwa 6, wannan ciwon hanji ne da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ke haddasawa. Ki tuntuɓi likitan dabbobi. Duk sabuwar kazar da kika sayo kuma ki ware ta mako uku kafin ta haɗu da naki.

Ɗan Lambu:

Malam ya gama magana a kan akurki. Ni a kan gubar zan tsaya, Yaya, don Allah kada ki sa. Yawancin gubar ɓera da ake sayarwa jini take hana daskarewa, kuma ba nan take take kashewa ba. Ɓeran yakan yi kwanaki yana yawo a galabaice, a fili, da rana. Kaza ta tsattsage shi, kyanwa ta ci, mujiya ta ɗauka, duk su kwashi rabonsu. Mujiya kuwa ita ce babbar mai rage miki ɓeraye kyauta, abincinta ke nan kusan kullum. Kin kashe mai gadi kin bar ɓarawo.

Ki tambayi kanki me ya kawo ɓeran tun farko. Abinci ne. Kaza mai ƙwai tana cin kamar giram 110 zuwa 120 a yini, wato kajinki 13 kilo ɗaya da rabi ya ishe su. In ana watsa fiye da haka a ƙasa, ragowar ta dare ta ɓera ce. Ki raba abincin biyu, safe da la'asar, a mazubi mai baki wanda aka rataye daidai tsayin bayan kaza, kada a cika shi fiye da sulusi don kada su barbaɗar. Da magariba ki ɗauke mazubin da na ruwa gaba ɗaya, ki share ƙasa. Buhun abinci a zuba shi a duro na ƙarfe mai murfi, ɓera yana huda roba da buhu. Ƙwai a kwashe sau biyu a yini.

Macen ɓera cikinta mako uku ne, takan haifi shida zuwa goma ko fiye, shi ya sa kisa kaɗai ba ya ƙarar da su muddin abinci na nan. In kin datse abincin, sai ki kafa tarko. Ki jera shi a jikin bango, bakin tarkon yana kallon bangon, domin ɓera gefe yake bi, ba ya son ratsa fili. Ki kife akwati mai ƙaramar ƙofa a kai saboda kaji da yara. Kwana biyu ko uku na farko ki sa abinci ba tare da kin ɗana ba, ɓera yana tsoron sabon abu, sai ya saba tukuna. Wanda kika kama kada ki taɓa da hannu tsirara, fitsarinsa da kashinsa na ɗauke da cututtuka, ki binne da zurfi. Ramukan gindin katanga ki cusa musu guntun raga ko fasassun duwatsu kafin ki shafe da siminti, ƙasa zalla a dare ɗaya za su sake buɗe ta.

Macijin ma ɓera ya biyo, ƙwai ƙari ne kawai ya samu. Ki nisanta tarin itace, bulo da tsofaffin kwanuka daga akurki kamar mita biyar, ki sassabe ciyawar kewaye. Kuma a daina zura hannu a akwatin ƙwai cikin duhu ba tocila.

Mai Akurki ta rubuta:

Malam, Ɗan Lambu, na gode ƙwarai. Lallai buhun dusa a jingine yake a bayan akurkin, kuma watsa musu nake yi a ƙasa. To batun takin fa? Na ji ana cewa kashin kaji ya fi kowane taki ƙarfi, me ya sa nawa ya zama wuta?

Baba Manomi:

'Yata, ƙarfin nasa ne ya ƙone miki shuka. Tsuntsu ba ya fitsari daban, farin nan da kike gani a kan kashin shi ne fitsarinsa, kuma cike yake da naitirojin, sinadarin da shuka ke bukata don girma. In ya haɗu da danshi sai ya koma amoniya, zarnin nan mai shiga hanci, ga kuma gishiri-gishiri da yake ɗauke da shi wanda ke zuƙe ruwa daga saiwa. Ƙaramar shuka ba ta iya ɗauka. Sai an ruɓar da shi tukuna.

Ga yadda ake yi. A ma'auni na bokiti, kowane bokiti ɗaya na kashin kaji ki ba shi bokiti biyu zuwa uku na busasshen abu: busasshen ganye, ƙaiƙayi, buntun shinkafa, karan da aka daddatsa gajeru kamar tsawon yatsa. In garin katako ne ki tsaya a bokiti ɗaya ko ɗaya da rabi, don shi jinkirin ruɓewa gare shi. Hanya mafi sauƙi ita ce ki shimfiɗa busasshen abun a cikin akurki tun farko, kaurin santimita 10 zuwa 15. Kaji su yi kashi a kai, su tona, su cuɗa miki. Kowace kaza tana yin kashi wajen giram 100 a yini, kuma kaso mai yawa da dare ne a ƙarƙashin sandar da suke kwana, can za ki fi samunsa.

Tarin ya kai mita ɗaya a tsawo, faɗi da bisa. In bai kai haka ba ba zai riƙe zafi ba. Ki fara da kara masu kauri a ƙasa don iska ta samu hanya, sannan ki riƙa jerawa hawa-hawa, busasshe santimita 15, kashi da ɗanyen ganye santimita 5, kina yayyafa ruwa a kowane hawa. Gwajin ruwan a hannu yake: ki damƙi cikin tafi ki matse. In ruwa ya zubo, ya yi yawa. In kin buɗe hannu ya wargaje, ya yi kaɗan. In ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito tsakanin yatsu, daidai ke nan. Ki rufe da tsohon buhu ko ciyawa, a inuwa.

Ki soka sandar ƙarfe har tsakiya ki bar ta. Bayan kwana uku ki zaro ki taɓa. In ta yi zafin da ba za ki iya riƙewa ba sai na ɗan lokaci, tarin ya kama, zafinsa yana tsakanin digiri 55 da 65, kuma wannan zafin ne ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Bayan mako ɗaya ki juya, na waje ya koma ciki, na ciki ya fito waje, domin gefe ba ya samun zafin. Ki maimaita duk mako har sau huɗu ko biyar, sannan ki ƙyale shi ya huce wata ɗaya ko biyu.

Hanci zai gaya miki abin da ya lalace. Zarni na nufin kashi ya yi yawa, kuma takinki ne ke tashi a iska, ki ƙara busasshe ki juya. Ɗoyi irin na ruɓaɓɓen ƙwai na nufin ruwa ya cika iska ta toshe, ki baje shi ya sha iska ki haɗa da kara. In ba wari ba zafi, tururuwa sun yi gida a ciki, ya bushe ne. Wanda ya nuna baƙi-baƙi ne, yana warwatsewa a hannu, yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka, ba ki iya gane abin da kika zuba. In kina shakka, ki cika gwangwani da shi haɗe da ƙasa rabi da rabi, ki shuka wake goma. In takwas sun fito da koren ganye lafiya, ki zuba a komi.

Tarin yakan koma kusan rabi, wato mita ɗaya zai bar miki lita 400 zuwa 500. Bokitin lita 10 a kan murabba'in mita ɗaya yana ba da kaurin santimita ɗaya. Bokiti biyu ko uku a kowane murabba'in mita, a cuɗa da ƙasar sama, ya isa shuka guda. Tari ɗaya ke nan zai ciyar da kamar murabba'in mita 20.

In kuma dole sai ɗanyen kashi za ki zuba, to a komin da ba shuka, a cuɗa shi da ƙasa, a jira. Ƙa'idar noman da ba a sa sinadari a Amurka ta ce kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbi ga abin da ke taɓa ƙasa, irin su alayyafo, latas da karas, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa kamar masara. Dalilinsu ciwon ciki ne ga mai ci, musamman ganyen da ake ci ɗanye. Komin da ya ƙone kuwa bai mutu ba. Ki kwashe kashin da ke sama, ki ba shi ruwa mai yawa sau biyu ko uku ya wanke gishirin zuwa ƙasa, bayan mako uku ki sake shuka.

Malam Mai Kaji:

Baba, a yi min afuwa in ƙara abu ɗaya, don na san za a yi shi. Kada a zuba toka a kan kashin kaji da nufin kashe wari. Toka tana da kanwa-kanwa, tana sa naitirojin ya tashi da sauri, warin ya ƙaru takin ya rage ƙarfi. Tokar itace a kai ta komi ita kaɗai, kamar cikin tafi ɗaya a murabba'in mita a shekara. Amfaninta a wajen kaji shi ne wurin birgima: rairayi kashi uku, toka kashi ɗaya, a busasshen lungu, su yi wanka su rage ƙwarƙwata.

Uwar Zomaye:

'Yar'uwa, a filin mita 15 da 20 wanda kaji da komaye suka riga suka ci rabinsa, zomo nake ba ki shawara, kuma ga lissafin. Akuya mai kilo 25 zuwa 30 tana cin busasshen abinci wajen kilo ɗaya a yini, in ɗanyen ganye ne kilo uku zuwa huɗu. Akuya ba ta son zaman kaɗaici, dole biyu, kin ga kilo shida zuwa takwas ke nan kullum, rani da damina. Filinki ba zai ba da wannan ba, sai dai ki saya ko ki riƙa yankowa daga waje. Cikin akuya wata biyar ne, ta ba ki ɗaya ko biyu. Ga ɓarna: shingen da bai kai mita 1.2 ba tsallakewa take, kuma mintuna kaɗan sun ishe ta ta share komi.

In duk da haka zuciyarki na kan awaki, kada ki turke su wuri ɗaya suna ci a inda suke kashi. Tsutsar ciki ta nan take kama su, ƙwanta na fita a kashi, 'ya'yan su hau ciyawar da ke dab da ƙasa, akuya ta sake haɗiya. A sa musu abinci a ragar da aka ɗaga sama. Duk mako biyu ki ja fatar idon ta ƙasa ki duba launin cikin fatar: ja lafiya ne, in ta yi fari-fari tsutsa ta sha jini, a ba wannan akuyar magani. Wannan dubawar a Afirka ta Kudu aka tsara ta, ana kiranta FAMACHA, kuma amfaninta a daina ɗura wa kowace dabba magani ba dalili har tsutsar ta daina jin sa.

Zomo kuwa, mata biyu da namiji ɗaya sun isa farawa. Kowanne kejinsa daban, tsawo santimita 90, faɗi 60, bisa 45, a ɗaga shi kamar mita ɗaya daga ƙasa. Daɓen kejin raga mai ido milimita 13 da 25, don kashi ya zube ƙafa ba ta faɗa ba, da guntun katako a gefe su huta a kai. Ki sa wa ƙafafun kejin gwangwani a kife ko ki naɗe su da langa-langa mai santsi, ɓera yana hawa ya ciji jarirai ta ƙasan raga. Babba yana cin wajen rabin kilo na ganye a yini da ɗan dusa cikin tafi, kuma busasshiyar ciyawa ko harawa kada ta yanke a gabansa, hanjinsa da haƙoransa na bukatarta. Ganyen dankalin hausa, na wake, na masara, ɓawon karas, ciyawar da kika cire a komi, duk abinci ne. A bar ɗanyen ya sha iska ya yi yaushi na wasu awanni, kuma sabon ganye a fara da kaɗan, canjin abinci farat ɗaya ke kawo zawo da kumburin ciki. Ganyen tumatir da na dankalin turawa kada a ba su.

Wajen barbara, mace ake kaiwa kejin namiji. In aka yi akasin haka faɗa za ta yi masa don tana kare wurinta. Ciki kwana 31 ne, ko ya ɗara ko ya gaza kaɗan. A rana ta 28 ki sa mata akwati da busasshiyar ciyawa, za ta tsige gashin cikinta ta shimfiɗa. Takan haifi shida zuwa takwas, a yaye su a mako shida. Haihuwa huɗu a shekara ta isa ga wadda ganye ne yawancin abincinta, in aka matsa mata ramewa take. Babban makiyinsu zafi ne. Da zarar ya haura digiri 30 sun fara wahala, namiji ma ƙarfin barbararsa na raguwa. Kejin ya kasance a inuwa mai iska, kada kwano tsirara ya zama rufinsa, a ɗora ciyawa a kai, ruwan sha kuma kada ya yanke.

Kashinsu bai kai na kaji zafi ba, ana iya zuba busasshensa a gindin masara ko kabewa kai tsaye. Na ganyen ci ɗanye dai a bi ta tarin Baba.

Ɗan Lambu:

Tunda kina son rage feshi, Yaya, ki san waɗanda ke miki aiki a lambun don kada a kashe su tare da ɓarayi. Kwaɗo da dare yake fita, yana cin tsutsa, ƙwaro da dodon koɗi. Ƙadangare da kulɓa suna yin na rana. Bushiya da jaɓa ƙwari suke ci. Jaɓa ana yawan kashe ta a kan laifin ɓera, alhali dogon bakinta mai tsini ya bambanta ta, kuma ba hatsi ne abincinta ba. Zanzaro tsutsa yake kamawa ya kai gidansa na laka. Ɗan ƙwaron nan ja mai ɗigon baƙi, shi da 'ya'yansa darɓa suke ci, wato ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye. Feshin da ba ya zaɓe yana kashe su duka, kuma darɓa ta fi su saurin dawowa, shi ya sa bayan feshi takan fi ta da yawa.

Abin da suke bukata kaɗan ne. Fasasshiyar tukunya a kife a inuwar komi, da 'yar ƙofa, ta zama ɗakin kwaɗo. Faranti mara zurfi da duwatsu a ciki don ƙudan zuma su sauka su sha, amma a zubar a sake duk kwana uku, sauro yana kammala girma a ruwa cikin kamar mako ɗaya zuwa kwana goma. Wannan farantin ya yi nesa da kaji, haka kuma na kaji ya kasance a ƙarƙashin rufi, domin ta ruwa da kashin tsuntsayen daji murar tsuntsaye ke shiga gida. Ki bar wasu albasa da karas su yi fure, ƙananan ƙwari masu cin darɓa na son su.

Komayen kuma ki rufe ƙasarsu da busasshiyar ciyawa kaurin santimita 5 zuwa 8, ki bar tazarar yatsa uku a gindin kowace shuka don kada ya ruɓe. Ban ruwa zai ragu, tana za ta yawaita. A ƙiyasi murabba'in mita yana son lita 25 a mako, ya fi haka lokacin zafi, kuma gara a ba shi da yawa sau biyu ko uku da a riƙa yayyafawa kullum, yayyafi saiwa yake tsayarwa a sama. Tumatir, barkono da gauta dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, kada su gaji juna a komi. Tunda huɗu gare ki, ki riƙa zagayawa, ɗaya kullum wake ne. In kin tuge waken ki fasa ƙullutun da ke saiwarsa, in cikinsa ja-ja ne yana tara naitirojin. Kada ki rikita shi da kumburin da ke jikin saiwar tumatir: na wake yana ɓantaruwa da yatsa, na tumatir saiwar ce kanta ta kumbura, kuma wannan cutar ƙananan tsutsotsin ƙasa ce.

Mai Akurki ta rubuta:

Allah ya ƙara sani. Tambaya ta ƙarshe: zan iya sakin kajin cikin komaye su cinye min ƙwari?

Baba Manomi:

Ba yayin da shuka ke tsaye ba, 'yata, tono za su yi su watsar da ciyawar rufi su tsattsage ganye. Sai bayan girbi. Kejin tsakin nan da Malam ya kwatanta, ki ɗora shi a kan komin da aka gama da shi, ki sa kaji uku ko huɗu da ruwansu, kwana biyu a kowane wuri sannan ki matsar. Za su cinye tsutsa da irin ciyawa. Amma sun bar ɗanyen kashi a wurin, saboda haka abin da zai biyo baya ya zama masara ko wake mai hawa sanda, alayyafo da latas su jira zagaye na gaba. Sauran lokaci ki kewaye komayen da raga mai bisa mita ɗaya da rabi, a nan ne wayar kajin nan mai manyan idanu take da amfani. In akwai mai tashi ta tsallake, ki rage dogayen gashin fiffike ɗaya kawai da almakashi, ki tsaya nesa da tushen gashin inda jini yake.